Yadda za ka sa tsofaffin na'urori da sababbi su zauna lafiya a kan rauta ɗaya

A gida ɗaya a Mabera ko Arkilla za ka iske na'urorin da ke da tazarar shekara goma ko fiye a tsakaninsu, kuma dukansu rauta ɗaya suke jira ta ba su intanet: sabuwar wayar maigida, tsohuwar itel ɗin da Inna ke sauraron karatu da ita, laftof ta hannu da aka saya wa ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo, talabijin ɗin falo, kyamarar bakin ƙofa, da ɗan abin nan da ake maƙala wa inbata don a riƙa duba cajin batir ta waya. Muddin tsohuwar rauta na nan, babu mai ƙorafi. Ranar da aka kawo sabuwa sai rabin gida ya hau, rabi ya tsaya cirko-cirko.

Nan take wani zai ce rautar jabu ce, wani ya ce wayar ce ta tsufa, a sayi wata. Galibi duka biyun ba haka ba ne. Tun asali an tsara Wi-Fi ne ta yadda sabuwar rauta za ta iya magana da tsohuwar na'ura. Abin da ke shiga tsakani saiti ne guda uku da masana'anta ke kunnawa tun daga kwali: zango (wato "band", 2.4 ko 5 GHz), nau'in tsaro, da tasha (wato "channel", layin da rauta ke watsawa a kai a cikin zangon). Shawarata kuma, wadda duk bayanin nan ya ginu a kanta, ita ce kada ka mayar da gida gaba ɗaya baya saboda na'ura ɗaya. Ware wa tsofaffin nasu wurin, ka bar sababbin su yi gudunsu.

Ka fara tantance irin matsalar

Kafin ka taɓa komai, ɗauki na'urar da ta ƙi, ka tsaya da ita kusa da rautar, ka duba abin da take yi. Idan sam ba ta ganin sunan Wi-Fi ɗin alhali tana ganin na maƙwabta, matsalar zango ce ko tasha. Idan tana ganin sunan, ka sa kalmar sirri daidai, amma ta ce ba daidai ba ce ko ta tsaya a kan "Saved", to tsaro ne. Idan ta maƙale a "Obtaining IP address", wataƙila rautar ta cika. Idan kuwa ta hau lafiya amma shafuka sun ƙi buɗewa, da wuya laifin rauta ne, za mu zo kansa a ƙarshe.

Wannan ɗan binciken na minti biyu shi ke raba ka da canje-canjen kan-mai-uwa-da-wabi. Idan Baba ya miƙo maka waya ya ce, "Wanga abu naku ya ƙi ni, ga sunan nan ina gani amma ba ya shiga," ya riga ya faɗa maka inda za ka duba: tsaro.

Yana da kyau kuma ka san zamanin kowace na'ura. Tsarin 802.11b ya fito a 1999 da gudun megabit 11, sai 802.11g a 2003 da megabit 54, dukansu a zangon 2.4 GHz kaɗai. A 2009 aka samu 802.11n, wanda ke iya aiki a 2.4 da kuma 5 GHz. Sai 802.11ac a 2013, shi a 5 GHz kawai yake. Daga nan 802.11ax. A 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sauƙaƙa sunayen: n ya zama Wi-Fi 4, ac ya zama Wi-Fi 5, ax ya zama Wi-Fi 6. Abin lura shi ne, ba kowace na'ura mai Wi-Fi 4 ce ke da 5 GHz ba. Wayoyi masu araha da yawa, har da waɗanda ba su daɗe da fitowa ba, 2.4 kawai suka sani. Idan ka ga an rubuta "b/g/n" a kwalin waya babu "a" babu "ac", kusan tabbas haka take.

A laftof mai Windows ba sai ka yi hasashe ba. Buɗe Command Prompt ka rubuta netsh wlan show drivers. Layin da ke cewa "Radio types supported" zai jero maka duk abin da katin Wi-Fi ɗinta ke iyawa.

Shiga cikin rautar

Juya rautar ka duba ƙasanta, ko ka cire murfin batir idan MiFi ce. Akwai 'yar takarda a manne mai ƙananan rubutu, sau da yawa ƙura ta rufe ta sai ka goge da yatsa. A jikinta za ka ga sunan Wi-Fi, kalmar sirrinsa, adireshin shiga, da wata kalmar sirri ta daban ta mai kula da rautar. Kada ka rikita biyun. Adireshin yakan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei da yawa kuma 192.168.8.1. Rubuta shi a burauzar wayar da ta riga ta hau, a wurin da ake sa adireshi, ba wurin bincike ba.

Da ka shiga, nemi sashen "Wireless" ko "WLAN" ko "Wi-Fi Settings". Ɗauki hoton kowane shafi kafin ka canja komai. Sannan ka riƙa canja abu ɗaya, ka adana, ka gwada, kafin ka wuce na gaba. Duk lokacin da ka adana, Wi-Fi zai yanke na ɗan lokaci, don haka ka sanar da mutanen gida, kada ka yi a lokacin da wani ke tsakiyar tura kuɗi.

Raba zangon biyu, nan ne yawancin aikin yake

Sababbin rautoci na watsa zango biyu a lokaci guda. Na 2.4 GHz ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma ba shi da gudu sosai kuma cunkoso ya yi masa yawa. Na 5 GHz yana da gudu, sai dai ba ya jure katanga. A irin ginin gidajenmu, inda rauta ke falon maigida, ɗakunan iyali kuma na can bayan tsakar gida, ga bangon bulo ko na ƙasa mai kauri, ga ƙofofin ƙarfe, da wuya 5 GHz ya kai ɗaki na uku da ƙarfinsa. Shi ya sa har sabuwar waya ke bukatar 2.4 idan ta yi nisa.

Don kada a wahalar da mai saye, masana'anta kan haɗa zangon biyu a suna ɗaya, rautar ce ke zaɓa wa kowace na'ura inda za ta hau. Za ka ga saitin da sunan "Smart Connect", ko "Band Steering", ko "5 GHz preferred". Ga sababbin wayoyi abin na tafiya daidai. Tsofaffi da ƙananan na'urori ne yake rikitawa.

Kashe shi. Shafin zai nuna maka sunaye biyu. Bar na 2.4 da sunansa, ka ƙara wa na biyu lamba 5 a ƙarshe. Za ka iya ba su kalmar sirri iri ɗaya, babu laifi. Daga nan ka tura talabijin, firinta, kyamara, abin inbata da tsofaffin wayoyi zuwa 2.4, sababbin wayoyi da laftof masu iyawa kuma su hau 5. Masu Starlink ma suna da zaɓin raba zangon a cikin manhajarsu.

Akwai wata dabara da ke rage aiki ƙwarai: ba wa zangon 2.4 na sabuwar rauta ainihin suna da kalmar sirrin tsohuwar, harafi da harafi, babba da ƙarami. Na'urori da yawa za su hau da kansu ba tare da an taɓa su ba. Wanda ya taɓa hawa tsani da tsakar rana a watan Afrilu don sake saita kyamarar da ke kan katanga ya san darajar wannan.

Kyamarori da abin inbata suna da wani tarko nasu. Yawancinsu 2.4 kawai suke ji, kuma ta manhajar waya ake gaya musu sunan Wi-Fi. Manhajar kan ɗauki duk sunan da wayarka ke kai a wannan lokacin ta miƙa musu. Idan wayarka na kan 5, ta miƙa musu sunan da ba sa iya gani ke nan. Za ka ga fitilar na'urar na ƙifta ido, layin manhajar ya yi ta tafiya har ya kusa cika, sai ya ce an kasa. Ka sake, haka. Maganin shi ne ka sauko da wayarka kan 2.4 kafin ka fara, ka kashe datar layinka, ka ba manhajar izinin "Location" idan ta nema, domin a Android sai da shi take iya karanta sunan Wi-Fi. Idan rautarka ba ta yarda a raba zango ba, kashe 5 GHz na ɗan lokaci, ka gama haɗawa, ka sake kunnawa.

Haka abin yake idan wayarka ce kake mayarwa "hotspot". A Android nemi inda ake zaɓar zango ka sa 2.4. A iPhone 12 zuwa sama kunna "Maximize Compatibility", aikinsa ke nan.

Tsaro

Wannan ma zamani-zamani ne. WEP shi ne na farko, an daɗe da fasa shi. WPA ya zo a 2003 da tsarin TKIP, WPA2 a 2004 da tsarin AES, sai WPA3 a 2018. Wayar Android sai ta kai 10 kafin ta san WPA3, iPhone sai iOS 13, Windows 10 kuma sai bugun 1903, shi ma idan katin laftof ɗin ya yarda. Duk na'urar da ba ta kai nan ba, idan ta ci karo da WPA3 zalla, ba ta da bakin faɗa maka gaskiyar abin da ya faru. Sai kawai ta ce kalmar sirri ba daidai ba ce, kai kuma ka yi ta sake rubutawa.

Rautoci da yawa na da zaɓin haɗaka, "WPA2/WPA3". A ƙa'ida ya kamata kowa ya shiga, a aikace wasu tsofaffin na'urori na tsorata da shi su ƙi. Saboda haka a zangon 2.4 zaɓi "WPA2-PSK" tare da "AES". A zangon 5 ka bar haɗakar, ko WPA3 zalla idan duk masu hawa sababbi ne. Idan ka ga wani saiti mai suna "PMF" ko "802.11w", a ɓangaren 2.4 kada ya kasance a kan "Required". Mayar da shi na zaɓi, in ya ƙi, kashe shi.

Inda nake ja da masu gyara da yawa shi ne saurin da suke yi wajen sauka zuwa TKIP ko WEP, ko ma cire kalmar sirri ɗungurungum, don dai mai gida ya ga abu ya hau ya biya. Hasara biyu ce. Ta farko, da zarar an sa TKIP ko WEP, gudun Wi-Fi ba zai wuce megabit 54 ba ko da rautar ta miliyan nawa ce, domin tsarin 802.11n bai yarda da manyan gudunsa a kansu ba. Ta biyu, idan WEP ne ko babu kalmar sirri, yaran unguwa za su shanye maka data kafin wata ya raba. Sababbin iPhone ma za su riƙa rubuta maka "Weak Security" a ƙarƙashin sunan. Na'urar da ba ta san WPA2 ba ta haura shekara ashirin ko ta kusa, kebul ya dace da ita ko hutu.

Sai kalmar sirrin kanta. Tsawonta daga harafi 8 ne zuwa 63. Ka guji ƙ da ɗ da ɓ a cikinta da kuma cikin sunan Wi-Fi, haka alamar ɗauri irin ta 'ya'ya, da hotunan nan na dariya. Wayarka za ta rubuta su, amma rimot ɗin talabijin ba shi da su, wasu ƙananan na'urori kuma ba sa karanta su daidai. Doguwar jimla da haruffan boko na yau da kullum da 'yan lambobi ta wadatar. Kada kuma ka ɓoye sunan Wi-Fi ɗin. Ba ya hana wanda ya san aiki ganinsa, tsofaffin na'urori kawai yake wahalarwa.

Tasha da faɗinta

A zangon 2.4, tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Idan rauta na kan "Auto", tana iya tsallakawa 12 ko 13. Na'urorin da aka ƙera don kasuwar Amurka, irin laftof da firintocin hannu da ke cika shagunanmu, sau da yawa a 11 suke tsayawa. Shi ya sa za ka ga abu jiya yana yi, yau bayan an ɗauke wuta an dawo da ita ya ɓace, gobe ya dawo. Rautar ce ke sake zaɓen tasha duk lokacin da ta tashi. Kafe ta a ɗaya daga cikin ukun nan. Idan kana gidan haya ko masaukin ɗalibai inda kowane ɗaki da MiFi ɗinsa, sauke manhajar duba Wi-Fi a Android ka ga wadda ta fi sarari. Faɗin tasha kuma, "Channel Width", sa shi 20 MHz.

A zangon 5 ka tsaya tsakanin 36 da 48. Tashoshin da ke sama da su, daga 52 zuwa 144, ana raba su da na'urorin rada, kuma talabijin da wayoyi da yawa ba sa ganinsu.

Laftof mai ganin na kowa ban da naka

Wannan ya zama ruwan dare tun da rautocin Wi-Fi 6 suka yawaita. Wasu katunan Intel, irin su 3160 da 7260 da 7265 da 8260, idan manhajar da ke tuƙa su tsohuwa ce, ba sa nuna sunan Wi-Fi 6 kwata-kwata. Katin lafiyarsa lau. Haɗa laftof ɗin da kebul ko da wayarka ta USB, ka sauke sabon "driver" daga shafin Intel ko na kamfanin laftof ɗin, ka sake kunna ta. Idan hakan bai samu ba, koma rautar ka mayar da "Mode" na 2.4 daga ax zuwa b/g/n. Babu abin kirki da ka rasa, tunda sababbin na'urorinka na can kan 5. In duk ya faskara, ɗan maƙalallen Wi-Fi na USB ya fi sabuwar laftof araha nesa ba kusa ba.

Shin tsohuwar na'ura na rage wa sauran gudu?

Tana ragewa, amma ba yadda ake zuzutawa ba. A tasha ɗaya, bi da bi ake magana da rauta. Na'ura mai jinkiri, ko wadda ta yi nisa, takan daɗe kafin ta gama aika abin da sabuwa za ta aika cikin ƙiftawar ido, kuma duk wannan lokacin sauran jira suke. Kamar raƙumi ne da kaya a ƙunƙuntar lungu, ɗan kabu-kabu na bayansa, komai lafiyar mashin sai ya bi takunsa. Raba zango ya riga ya magance rabin wannan, don waɗanda ke kan 5 ba ruwansu da abin da ke faruwa a 2.4. Idan ba ka da na'urar zamanin 802.11b, kuma da wuya kana da ita, cire b daga "Mode" ka bar g/n. Talabijin kuwa, idan tana kusa, ja mata kebul, ita ce mai cin kaso mafi girma.

Ga wata gaskiya da mai shago ba zai so ka ji ba: idan da layin waya rautarka ke aiki, gudun da kake samu daga turken sabis yake zuwa. Wi-Fi 4 mai lafiya ma yakan ɗauke abin da 4G ke kawowa. Idan intanet ya yi nauyi bayan isha'i lokacin da kowa a unguwa ya hau, sayen rauta mai Wi-Fi 6 ba zai canja komai ba.

Idan sabuwar waya ce ta ƙi

Masu tace na'urori da lambar MAC, wato lambar shaidar da rauta ke gane kowace na'ura da ita, don korar maƙwabta su lura. Daga Android 10 da iOS 14, waya kan ƙirƙiro lambar MAC ta daban ga kowane Wi-Fi, ba wadda ke rubuce a bayanan wayar ba. Idan ka sa ta asali a jerin rauta, wayar ta zo da wata, sai rautar ta hana ta. Shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin a wayar ka zaɓi "Use device MAC", a iPhone kuma ka kashe "Private Wi-Fi Address". Ka kuma duba adadin da rautar ke ɗauka. Ƙananan MiFi da yawa na tsayawa a na'ura 10 ko 16, kuma agogon hannu da talabijin duk suna cikin lissafi.

Tsohuwar rauta ba ta zama shara ba

Idan akwai na'urar da ta ƙi sabuwa ko ta halin ƙaƙa, ko ɓangaren gida da sigina ba ya kaiwa, ɗauko tsohuwar, muddin tana da ramin kebul. Danna ɗan ramin "Reset" da tsinke har fitilu su ɗauke su dawo. Shiga cikinta ka nemi "Access Point Mode". Idan babu, kashe "DHCP", ka ba ta adireshi a jerin sabuwar wanda babu mai amfani da shi, misali 192.168.0.2 idan sabuwar 192.168.0.1 ce, sannan ka ja kebul daga ramin LAN na sabuwa zuwa ramin LAN na tsohuwa. Ba ta suna na daban, WPA2, da tashar da ba ta sabuwar ba: in waccan na 1, wannan ta hau 11.

Wasu kan yi amfani da "Guest Network" maimakon haka, kuma yana yi, musamman ga kyamara da abin inbata. Sai dai yakan hana na'urori ganin juna, don haka kada ka sa firinta ko talabijin da kake tura wa bidiyo daga waya a can.

Abin da ba laifin rauta ba

Idan tsohuwar na'ura ta hau amma shafuka na nuna gargaɗin tsaro, duba kwanan wata. Laftof ɗin da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan koma wata shekara can baya duk lokacin da aka kashe ta, kuma babu shafin banki ko na jami'a da zai buɗe a haka. Wayoyin Android 7.0 zuwa ƙasa kuma sun daina amincewa da shafuka masu yawa tun 2024 saboda takardun shaidar tsaron da ke cikinsu sun tsufa. Burauzar Firefox na zuwa da nata, don haka idan tana kan wayar takan buɗe abin da ta wayar ta kasa. WhatsApp ma ya bar duk Android da ba ta kai 5.0 ba tun Oktoban 2023. Babu saitin rauta da zai dawo da shi.

Sai zafi da wuta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, rautar da aka ɗora kan inbata, ko bakin taga, ko daf da rufin kwano, za ta riƙa yankewa da tsakar rana, a ɗora wa tsofaffin wayoyi laifi. Sauko da ita inda iska ke ratsawa, ka busa ƙurar hunturu daga ramukanta. Idan kuma NEPA ta dawo da wuta, kyamara da talabijin kan riga rauta tashi, su nemi Wi-Fi su rasa, wasunsu ba sa sake nema sai an kashe an kunna. Ka sa rautar a layin inbata, ko ka saya mata ɗan batirin ajiya na rauta. Kafin ka biya, karanta jikin cajarta ka ga ko bolt 9 take ci ko 12, ka kuma tafi da cajar shago a gwada bakin, domin ba duka ne ke shiga juna ba.